Ba Ranar Sallah Ake Koyon Tuwon Sallah Ba

Da ku nake, 'ya'yana maza da mata da kuka ɗauki girki sana'a ko kuke shirin ɗauka. Kuna da yawa yanzu, kuma ina murna da hakan. Kusan kowace unguwa akwai yarinyar da ke karɓar odar abinci ta waya, akwai saurayin da ya buɗe wurin gashi a bakin titi, akwai masu burin shiga kicin ɗin manyan otal. Abin da ya ja da yawanku kuwa shi ne hotunan da kan cika wayoyinmu da Sallah: waina jere a faifai, miyar taushe tana ƙyalli da man shanu, dambun nama ya cika kwano har ya yi tozo, mai girkin kuma tana gefe cikin sabon leshi kamar ba ita ta kwana a tsaye ba.

Najeriya tana hutun 1 ga Oktoba, Nijar tana na 3 ga Agusta, ranakun samun 'yancin kai a 1960. Ana fareti, shugabanni su yi jawabi, a Nijar har a dasa itatuwa. Amma ban taɓa jin gidan da aka jiƙa shinkafar waina saboda ɗayansu ba. Hutun ƙasa da ke da abincinsa a wurinmu Sallah ce, ƙarama da babba. Ranar da gwamnati ta ce kowa ya huta, ita ce ranar da mai girki ya fi kowa aiki. Kuma duk abin da zai fito daga tukunyarsa a ranar, tun watanni kafin nan aka yanke hukuncinsa, a ranakun da babu mai ɗaukar hoto.

Mu ɗauki waina, wadda mutanen Bauci da wasu wurare ke kira masa. A baki abu ne mai sauƙi: a jiƙa farar shinkafar tuwo, a dafa 'yar kaɗan a zuba a kai, a sa albasa da yis, a kai markaɗe, a bar ƙullun ya tashi, a soya. Yaro ma zai haddace wannan cikin minti ɗaya. To amma ranar jajibirin Sallah layin mai inji yakan kai bakin titi, kuma idan ba ki tsaya a kansa ya wanke injin ba, ƙullunki zai dawo da launin attaruhun wadda ta riga ki. Ƙullun da zai tashi cikin 'yan sa'o'i a zafin Afrilu, a sanyin Janairu sai an rufe shi an ajiye kusa da murhu, wani lokaci ma ya kwana. Idan ya zarce ya yi tsami, ruwan kanwa ke dawo da shi, amma kanwar ta yi yawa sai waina ta koma ruwan ɗorawa tana warin sabulu. Sannan tanda. Sabuwar tandar ƙasa tana kama ƙullu, sai an horar da ita da mai kafin ta saki. Gurbin tsakiya ya fi na gefe zafi. Wadda ta ƙware ba ta kallon agogo: gefen waina take kallo ya fara barin jikin tanda, ta sa ƙoshiya ta juya ta tun cikin yana da sauran ruwa, don ya gangara ya cike ta, ta fito a kumbure. Wadda ba ta ƙware ba takan jira sai cikin ya bushe, ta sami waina fale-fale mai tauri. Babu bidiyon da zai sa wa hannunki wannan. Sai kin ɓata ƙullu, kin ƙona yatsa, kin sake.

Haka tuwon shinkafa, wanda ake raina shi saboda kullum ana cinsa. Tuƙa na mutum biyar daban, tuƙa na mutum ɗari a tukunyar da sai ka miƙe tsaye ka riƙe muciya da hannu biyu daban. Ƙasan ya kama, ƙauri ya bi tukunyar gaba ɗaya, kuma ba a wanke ƙauri. Miyar taushe kuwa tsari gare ta: ƙashi da tantaƙwashi su fara nuna, kabewa ta narke ta ba miyar jiki, gyaɗa ta dahu har gafinta ya fita, sannan alayyafo da 'yar yakuwa su shiga daga ƙarshe don kada su mutu. Da yawanku kun maye gurbin daddawa da dunƙulen ɗanɗano har guda goma a tukunya ɗaya. Ba na faɗa da dunƙule, ni ma ina sawa. Amma shi ya sa miyar gidan Hajiya da ta gidan amarya da ta gidan abinci duk suka koma ɗanɗano ɗaya, kuma wanda abincinsa bai bambanta da na kowa ba, da araha kawai zai iya jan mai saye.

Akwai wani abu da kakanninku suka fi ku, wanda ba laifinku ba ne. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kimanin kwana 11, don haka Sallah tana zagaya yanayi, sai bayan shekara 33 ko kusa da haka take dawowa inda ta taso. A 2005 an yi Babbar Sallah cikin Janairu, tsakiyar hunturu, lokacin da za ka shanya nama a igiya iska ta busar maka da shi kyauta. A 2015 ta faɗo cikin Satumba, a 2025 kuma 6 ga Yuni, farkon damina, ga zafi ga laima ga ƙuda. Tsohuwa 'yar shekara 70 ta yi suyar layya a kowane yanayi, har sau biyu. Kai ɗan shekara 22, tun da ka fara riƙe wuƙa ba ka ga layya a sanyi ba. Ita ta san abin da ke sauyawa: yaushe nama ke jure jira, yaushe ba ya jurewa, wane wata ƙullu ke gudu, wane wata yake nawa.

Kasuwa ma tana bin wannan zagayen. Tumatirin Kadawa da ake lodinsa a Kwanar Gafan na noman rani ne. Daga Janairu zuwa Maris yakan yi araha har a rasa mai saye, da damina ta kankama kuma ya zama gwal. Wanda ya san haka yana yanka kauɗa ya shanya tun ana banza da shi. A 2016, da tsutsar nan da manoma ke kira Sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, masu abincin da suka tsaya da ƙafafunsu su ne waɗanda suka iya miya ba tare da ɗanyen tumatir ba. Kuka da kuɓewa busasshiya da taushe da miyar gyaɗa ba su san an yi wata annoba ba.

Ku lura da kyau, yawancin abincin bikinmu dabarar ajiya ce ta mutanen da ba su da firji. Nakiya, wadda ake dakawa da shinkafa da zuma ko sukari da man shanu da kayan ƙamshi, tana wata da watanni ba ta sauya ba, shi ya sa ake kai wa amarya a gara, ake kuma ajiye wa maijego. Alkaki yana shan ruwan sukari ko zuma da 'yar tsamiya, ya daɗe. Dubulan da cincin haka. Dambun nama kuwa ai babu abin da ya kai shi nuna wannan hikima. A zaɓi tsoka marar kitse, a dafa da albasa da citta da tafarnuwa har ruwan ya tsotse a jikinta, a daka a turmi ta warware zare-zare, sannan a soya a wuta marar ƙarfi ana juyawa ba ƙaƙƙautawa har sautin kaskon ya sauya daga tafasa zuwa ƙaras-ƙaras. Wannan sautin shi ne shaidar ruwa ya ƙare. Mai gaggawa yakan sauke kafin nan saboda launin ya yi kyau, bayan mako guda mai saye ya buɗe roba ya tarar da fumfuna. A Yamai kuma wata hanyar suke bi da ragon layya: a feɗe shi, a buɗe, a soke da sanduna a gicciye, a jera raguna kewaye da wutar itace a bakin titi tun hantsi har dare, zafin yana ratsa su a hankali kitsen yana ɗiga, sai washegari a yi rabo. Duk manufar ɗaya ce, a kori ruwa daga nama kafin ya lalace. Mu da wutar lantarkinmu ke zuwa ta tafi ba sallama, ba mu wuce wannan ilimin ba tukuna.

Shawarata a nan gajeriya ce. Kowannenku yana da wata gwaggo ko inna ko maƙwabciya da aka sani da abu ɗaya: wance ita ce ta alkaki, wance ta funkaso, wance ba a bikin da ba a kira ta tuƙin tuwo ba. Ku je da goronku, ku durƙusa ku gaishe ta, ku ce kun zo koyo. Ku tafi da sikeli da littafi. Idan ta ce "sai ki zuba kanwa kaɗan," ki roƙe ta ta zuba a tafin hannunki ki auna kafin ta shiga ƙullu, domin "kaɗan" ɗinta shekara arba'in ce ta gwaji. Za ta yi miki dariya, wataƙila ta yi miki faɗa. Ki jure. Senegal ta kai shinkafa da kifinta, cebu jen, cikin kundin al'adun duniya na UNESCO a 2021, Kodebuwa ta kai abincinta aceke a 2024, shekarar da hawan Sallar Kano ya shiga kundin. Dawakin Hawan Daushe sun sami masu rubuta tarihinsu. Matan da ke cikin gida suna ciyar da mahayan da baƙinsu, kowace ta rasu takan tafi da ma'auninta a ka. Ba na hana ku koyon kek da shawarma da samosa, akwai kuɗi a ciki. Sai dai masu yin su sun yi yawa, masu alkakin da za a kai gidan surukai ba a ji kunya ba kuwa ana neman su da fitila.

Yanzu mu zo ga sauran ranakun shekara, inda sana'ar take zaune.

Ranar mai abincin sayarwa tana farawa kafin kiran assalatu. Wanda ke Kano ya san idan rana ta take bai isa 'Yankaba ba, ragowar da wasu suka tsince zai saya, kuma da tsada. Hatsi a Dawanau ya fi sauƙi, amma sai mai jarin sayen buhu. Daga kasuwa sai gyaran kayan miya, yankan albasa har ido ya ƙi buɗuwa, wanke nama, hura wuta, tsayuwa sa'a goma ko fiye a ɗakin da ya fi waje zafi. Bayan kowa ya ci ya tafi, ga tukwane suna jira. Gobe kuma haka, kuma dole miyar gobe ta zama daidai da ta yau, domin wanda ya dawo, abin da ya ci jiya ya dawo nema. Mai girkin gida idan abinci ya yi daɗi yau ya gaza gobe, a yi masa uzuri. Mai sayarwa ba a yi masa. Ba a ma gaya masa, sai dai ya ga an daina zuwa.

A Mayun 2023 Hilda Baci ta yi girki na sa'a 93 da minti 11 a Legas ta shiga kundin Guinness, ƙasa ta ɗauka, kuma ta cancanci yabo. Kafin shekarar ta ƙare wani ɗan Ailan mai suna Alan Fisher ya zarce ta da sa'a 119 da minti 57 a Japan. Bayan na Hilda, matasa da dama sun ɗora tukwane suna neman irin sunan. Na so a ce rabin wannan zafin naman ya tafi wurin koyo a ƙarƙashin wani. Auguste Escoffier, Bafaranshen da ya tsara yadda manyan kicin na otal ke aiki har yau, kowa da ɓangarensa da shugabansa, yana ɗan shekara 13 ya fara a matsayin yaron kicin a gidan abincin kawunsa a birnin Nis. Sai a 1890, yana da shekara arba'in da 'yan kai, ya karɓi kicin ɗin otal ɗin Savoy na Landan. Yau kuwa sai mutum ya yi ajin mako biyu ya ɗinka farar riga da doguwar hula, ya fara ɗaukar ɗalibai. Ku yi shekara ɗaya ko biyu kuna yi wa wanda ya fi ku aiki, ko da albashin bai taka kara ya karya ba. A can za ku ga yadda ake ciyar da mutum ɗari uku a kan lokaci, kuma asarar kuskurenku ba daga aljihunku za ta fita ba.

Abin da ya fi kashe masu wannan sana'a ba rashin iya girki ba ne, rashin lissafi ne. Yarinya za ta karɓi odar waina dubu, ta lissafa shinkafa da mai da nama, ta manta gas, ta manta kuɗin markaɗe, robobi da leda, ɗan sahun da zai kai, ladan yaran da suka taya ta, ta kuma manta kanta ɗungurungum. Ta gama ta ga kuɗi a hannu ta ɗauka riba ce, alhali jarinta take ci. Lokaci ma lissafi ne. A ce tandarki mai gurbi 12 ce, kowane zubi yana cin minti biyar: waina 144 ke nan a sa'a, dubu kuwa kusan sa'a bakwai ba tashi, in ba a sami matsala ba. Idan gida uku kika yi wa alkawarin za su samu kafin a sauko daga Idi, kin yi ƙarya tun ba ki kunna wuta ba. Ko ki ƙara tanda da hannu, ko ki ce wa biyu su yi haƙuri. Wadda kika ba haƙuri tun da wuri za ta dawo baɗi. Wadda baƙinta suka zauna jiran abinci har azahar ba za ta dawo ba, kuma sai ta gaya wa duk danginta.

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a ƙarshen Mayun 2023, kowa ya ga yadda farashi ke iya sauyawa tsakanin Juma'a da Juma'a. Kada ku yanke kuɗin aikin Sallah wata guda kafin lokaci sai da sharaɗi. Ku karɓi kafin alƙalami da zai sayi kayan gaba ɗaya, ku saya nan take. 'Yan uwa kuma, Allah Ya bar zumunci, su ne suka fi wuyar sha'ani: "Haba 'yata, ni ma sai na biya kafin?" Ki yi murmushi ki ce, "Gwaggo, ai kayan ne ba nawa ba, na 'yan kasuwa ne." Idan kina son yi mata alheri, ki yi mata kyauta a sarari, kin san kin bayar. Bashin da ake jin nauyin tambaya ya fi kyauta ciwo. Da ma an ce Sallah takan wuce ta bar wawa da bashi, kuma a sana'ar nan sau da yawa mai girkin ne ake bari.

Sai amana, wadda ta fi duk abin da na faɗa nauyi. Wanda ya sayi abincinka bai ga kicin ɗinka ba. Ya miƙa maka cikinsa da na 'ya'yansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'a biyu a ajiye haka nan, domin tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin Salshiyas ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri, kuma idan za a ɗumama a tabbatar ya yi zafi sosai har ciki. Shinkafa ta fi yaudara: wadda aka dafa da asuba aka rufe a kula har la'asar tana iya zama lafiya a ido da hanci, ta kwantar da gida guda. Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen nama kada su taɓa latas da kabeji sai an wanke su da sabulu. Akwai kuma abubuwan da ba kuskure ba ne, ha'inci ne: jefa ƙwayar farasitamol a tukunya don ganda ko ƙafar sa ta yi saurin laushi, babbake kai da ƙafa da tsohuwar taya, maimaita man suya har ya koma baƙi. Wanda ya yi wannan ya san abin da ya yi. Kuma idan aka kawo muku naman layya ku soya, ladanku kuɗi ne da aka yi ciniki. Ba a biyan mai aiki da naman layya, ba a kuma ɗiba a ɓoye da sunan ɗanɗano.

Ku samari, na san abin da ake faɗa muku. Har yanzu akwai gidajen da in namiji ya ce girki zai yi, sai a kalle shi a kaikaice a kira shi da sunan da ba nasa ba. Abin mamaki, mutanen nan su ne ke layi wurin mai tsire da mai balangu da mai shayi, suna yabon kilishin wane, kuma duk maza ne ke yi, sana'ar da har sarautarta ake naɗawa, Sarkin Pawa. Namijin da ya iya shanya nama siriri kamar takarda ya tsoma shi a labu, ban ga dalilin da zai hana shi tuƙa tuwo ba. Ka riƙe mutuncinka, ka iya aikinka, surutun yakan mutu da kansa ranar da aka ga kana ɗaukar ma'aikata.

Jikinku ma jari ne. Ku sa takalmi mai rufi wanda ba ya santsi, ku sha ruwa, ku fitar da tukunyar gas waje inda iska ke kaɗawa. Idan mai ya kama da wuta, a kashe murhu a rufe kaskon da murfi. Ruwa ƙara masa tashi yake yi. Hayaƙin itace a rufaffen ɗaki yana cin ido da ƙirji a hankali, ku tambayi duk tsohuwar mai ƙosai. Goman ƙarshe na azumi, lokacin da oda ta fi yawa, shi ne kuma lokacin da ba a so a yi asararsa. Wanda ya soya cincin da dubulan ɗinsa tun tsakiyar wata, ya daka yajinsa, ya tanadi gawayi da robobi, zai sami daren da zai tsaya sallah. Yaran da ke taya ku kuma su ma suna da iyaye da sabon ɗinki. A biya su kafin Idi, ba bayan Sallah ba, a kuma tsara aiki yadda kowa zai sami rabin yini ya je gaisuwa.

Kwana uku ko huɗu bayan Sallah waya takan yi shiru. Kowa yana da nama a gida, aljihu kuma ya huce. A wannan makon za ku zauna da littafinku: nawa aka kashe, nawa ya shigo, wace oda ce ta ci riba, wace ce wahala kawai, me ya ragu aka zubar, wa ya biya, wa ya ce sai wata ya yi. Ku rubuta ma'aunin da ya yi daidai tun ba ku manta ba, har da yanayin garin da sa'o'in da ƙullu ya ɗauka kafin ya tashi. Ku bi bashi tun ɗanɗanon abincin yana bakin mai shi. Sannan ku wanke tanda ku shafa mata mai, ku leƙa farashin alkama da sukari, domin in Ƙaramar Sallah ce, bukukuwan aure da aka ɗage saboda azumi suna tafe a Shawwal, kuma iyayen amare za su fara kiran waya neman alkaki da nakiyar gara.